Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙananan Ƙungiyoyin Agajin Musulmi da Yaran Ƙasashen Nesa

Tun bayan azumin da ya gabata wasiƙu suke shigo mana a kan batu guda, wato ƙananan ƙungiyoyin Musulmi da ke tara kuɗi a ƙasashen Turai domin tallafa wa yaran da talauci ya addaba a wasu ƙasashe. Akasarin wasiƙun daga 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya suka fito, amma akwai na gida, daga ɓangaren masu bayarwa da kuma ɓangaren waɗanda ake kawo wa. Na zaɓi shida na taƙaita su, na kuma cire sunayen ƙungiyoyin da aka yi ƙorafi a kansu, tunda ban ji ta bakinsu ba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham. Duk daren azumi bayan asham sai mu tarar da masu bokiti a ƙofar masallaci, kowa da hoton yaransa, na Yaman, na Somaliya, na Gaza, na Bangladesh. Wasu ƙungiyoyin sanannu ne, wasu kuwa mutum biyar ne kawai suka haɗu a unguwa. Ƙananan suna cewa duk abin da aka bayar zai isa hannun yaro ba tare da an taɓa ko kwabo ba, suna kuma cewa manyan a albashi da ofis suke cinye kuɗin. Wa ya fi cancanta in ba?

Amsa: 'Yar'uwa, manyan da kike gani yau su ma da bokitin suka fara, kuma ɗaya daga cikinsu a garin da kike zaune aka haife ta. A 1984 ne Dakta Hany El-Banna, likita ɗan asalin Masar, tare da wasu abokan karatunsa suka kafa Islamic Relief a Birmingham saboda yunwar da ta afka wa Sudan da maƙwabtanta, kuma gudummawar farko da ta shiga asusunsu kwabo 20 ne na kuɗin Ingila daga hannun wani yaro. Muslim Aid ta biyo baya a Landan a 1985, sai Muslim Hands a Nottingham a 1993 lokacin yaƙin Bosniya. A Kuwait kuma marigayi Dakta Abdurrahman as-Sumait ya fara ne a 1981 da ɗan kwamiti domin Musulmin Malawi, wanda ya bunƙasa ya zama ƙungiyar da masu karatunmu na Nijar suka sani da AMA. Saboda haka ƙanƙanta ba aibi ba ce. Sai dai kuma ba shaidar amana ba ce, kuma nan ne masu bokitin suke son ki yi kuskure.

Abin da ƙaramar ƙungiya ta fi babba da shi a fili yake. Sau da yawa waɗanda suka kafa ta 'yan asalin garin da suke taimaka wa ne, suna jin harshen, sun san gidan da aka yi rashi da gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma idan suka ci amana ba su da fuskar komawa gida da salla. Wannan kunya ta 'yan gari tana yin aikin da mai binciken kuɗi ba zai iya yi ba. Rauninta kuma shi ne yawanci a wuyan mutum guda take rataye, ta yadda idan ya kwanta ciwo ko suka saɓa da abokan tafiyarsa, yaran da suka saba da tallafi sai su wayi gari babu. Tana sayen kaya kaɗan-kaɗan da tsada, ba ta da rumbun ajiya, ba ta kuma da ƙarfin da za ta shiga inda ake yaƙi ta sasanta da masu bindiga a bar motar abinci ta wuce.

Maganar cewa ba a taɓa ko kwabo kuwa, tana buƙatar a warware ta. Babu kuɗin da ke tashi daga Birmingham ya sauka a Mogadishu kyauta. Banki yana cirar ladansa, ana asara wajen canji, motar da za ta kai buhu ƙauye tana shan mai, direbanta kuma yana da iyali. Dole wani ya biya. A wasu ƙungiyoyin amintattun da aka damƙa wa kula da ƙungiyar ne ke biya daga aljihunsu, a wasu akwai asusu daban da attajirai ke zuba wa domin hidimar ofis, mafi yawa kuma suna dogara ne da tsarin Gift Aid, inda gwamnatin Birtaniya ke ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar. Wato idan kika ba da fam 100 kika cike takardar, ƙungiya za ta karɓi 125, ta aika da 100 ta riƙe 25. Babu laifi a wannan matuƙar an faɗa miki. Inda laifin yake shi ne a tura dukkan ɗawainiyar ga abokin aiki na can ƙasar, shi ya cire nasa daga cikin ɗarin, sannan a rubuta a rahoto cewa komai ya tafi ga yara.

Ni dai ban ga dalilin jin kunyar biyan ma'aikaci ba, tunda Alƙur'ani da kansa, a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, ya sanya masu aikin tattara zakka cikin mutum takwas da ke da rabo a cikinta, malaman Shafi'iyya ma suka ɗaure rabon nasu da kashi ɗaya cikin takwas ɗin. Albashin akawu mai gaskiya kariya ce ga dukiyar maraya.

Abin da ya sauƙaƙa miki shi ne a Ingila da Wales duk ƙungiyar agajin da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da hukumar Charity Commission, wadda ke ba ta lamba. Ki karɓi lambar a wurin mai bokiti ki duba a shafin hukumar na intanet, za ki ga abin da ya shigo da abin da ya fita, da sunayen amintattu, da kuma ko ƙungiyar tana makara wajen miƙa lissafinta. Wanda ya fusata don kin nemi lamba ya riga ya amsa miki tambayarki. Ra'ayina shi ne idan aiki ne na dogon zango a gari guda, kamar karatun yara da tallafin iyayensu mata, ƙaramar da littafinta ke buɗe ta fi dacewa. Idan kuwa yaƙi ne ko yunwa, ki ba waɗanda ke da mota da rumbu da ma'aikata a wurin tun kafin bala'in ya sauka.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano. Hotunan yaran Sudan sun hana ni barci, na yi niyyar aika zakkata ta bana ta hannun wata ƙungiya, sai wani ya ce mini ba a fitar da zakka daga garin da aka tara dukiyar. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Alhaji, wanda ya faɗa maka haka ba daga kansa ya ƙago ba. Lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya umarce shi da ya sanar da mutanen cewa za a karɓi zakka daga mawadatansu a mayar wa matalautansu, kuma a kan wannan ne malamai suka gina asalin cewa talakan wuri ya fi cancanta da zakkar wurin. Amma Malikiyya, wadda akasarinmu muke bi, ta yi togaciya: ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, sai fa idan akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri, to a nan sai a kai musu mafi yawanta. Hanafiyya ma sun ce makaruhi ne a fitar da ita, in ban da zuwa ga dangi ko ga waɗanda suka fi buƙata. Tarihi kuma ya nuna cewa a shekarar farin da ta afka wa Madina da kewayenta zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, daga Masar da Sham aka yi ta aiko da ayarin abinci.

Halin Sudan ya kai a kira shi mafi tsananin buƙata, domin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba miliyoyi da gidajensu, har a Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam kusa da El Fasher. Duk da haka, kai a Kano kake, ba a Landan ba. Ƙididdigar da hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta fitar a 2022 ta nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Da ni ne kai, da na bar mafi yawan zakkar a gida inda na san masu haƙƙin da idona, na aika wa Sudan wani kaso ko kuma sadaka ta daban, wadda ita babu wanda ya yi mata iyaka. Idan za ka aika, ka tabbatar ƙungiyar tana ware asusun zakka daga na sauran sadaka, saboda malamai da yawa sun sharɗanta a mallaka wa talaka zakka a hannunsa, ba a gina masallaci ko rijiya da ita ba. Ka kuma zauna da malaminka a kan adadin da za ka raba.

Tambaya: Mu matan zango ne 'yan asalin Ghana mazauna Landan, mu kusan talatin. Shekara huɗu muna zubi, yanzu kuɗin ya taru, muna son gina gidan marayu a garinmu mu sa masa sunan ƙungiyarmu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Iyayena, Allah ya saka muku da alheri, amma ku yi haƙuri da ni, shawarata ita ce kada ku gina. Na san wannan ba ita ce amsar da kuke jira ba, don haka bari in tsaya a kanta sosai.

A shari'a, maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga. Ke nan mafi yawan marayun da kuke tunani suna da uwa a raye, ko kaka, ko baffa, ko gwaggo. Abin da uwar ta rasa shi ne kuɗin haya da na makaranta da abin sawa a tukunya. Ranar da kuka buɗe gini mai gado da abinci sau uku, matan da talauci ya ci ƙarfinsu za su kawo 'ya'yansu da hannunsu suna kuka, wasu ma za su ce mahaifin ya rasu alhali yana raye, domin ita ce kaɗai hanyar da yaro zai samu karatu. Ginin da aka yi don marayu sai ya koma raba yara da iyayensu. Ƙungiyoyin da suka daɗe suna bibiyar lamarin, irin su Save the Children, sun ƙiyasta cewa kimanin huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da aƙalla uwa ko uba a raye.

An kuma auna illar da rainon gidan marayu ke yi. A Bukarest, babban birnin Romaniya, masana sun fara wani bincike a shekarar 2000 inda aka ɗauki wasu ƙananan yara daga gidajen marayu aka ba iyalai riƙo, aka bar wasu a inda suke, aka yi ta bibiyarsu shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi sauran kaifin ƙwaƙwalwa da iya magana da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk matar da ta yi goyo: jariri yana buƙatar fuska guda da zai riƙa gani kullum, ba ma'aikatan da ke canjin aiki safe da yamma ba. Akwai kuma ɓangaren da ya fi muni, domin inda kuɗi ke bin maraya, to za a samu masu ƙera marayu. Masu karatunmu na Chadi ba su manta da abin da ya faru a Abeche a Oktoban 2007 ba, lokacin da aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé suna shirin ɗaukar yara 103 a jirgi da sunan marayun Darfur, bincike kuma ya nuna akasarinsu 'yan Chadi ne masu iyaye. Ba ƙungiyar Musulmi ba ce, amma darasin na kowa ne. Ostireliya ma a 2018 ta kai ga amincewa a hukumance cewa safarar yara zuwa gidajen marayu domin jan kuɗin masu taimako wani nau'i ne na bautar zamani.

Addininmu ya riga kowa nuna hanya. Fiyayyen halitta maraya ya tashi, kuma kakansa Abdulmuɗɗalibi ne ya riƙe shi, bayansa baffansa Abu Ɗalib. Hadisin da masu neman taimako suka fi karantawa, wanda Annabi ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya, kafala ya ambata, wato ɗaukar nauyi, kuma Suratul Ahzab ta umarci a kira yara da sunan iyayensu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafalar Musulunci da sunanta a sashe na 20, cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali.

Na taɓa raka wani ma'aikacin ƙaramar ƙungiya zagayen wata-wata a wani gari na jihar Maraɗi. Muka shiga gidan wata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ɗaya ce kawai a cikinsu sunanta ke cikin littafin tallafi. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar langa, ta buɗe murfin, sai ga katin tallafin a naɗe cikin leda tare da takardar sakamakon yarinyar da katin rigakafin autan. Ma'aikacin bai tambaye ta yadda ta kashe kuɗin dalla-dalla ba, sakamakon ya duba, ya tambayi dalilin fashin kwana uku da malami ya rubuta. Ta ce zazzaɓi ne. A bakin zaure akwai akuya ɗaure da 'ya'yanta biyu, ta ce daga ragowar kuɗin wata uku ta saye ta. Kuɗin yarinya guda gidan gaba ɗaya yake ci, kuma ƙungiyar ta san da haka ba ta hana ba, domin babu uwar da za ta zuba wa ɗaya tuwo uku na kallo.

Irin wannan tallafi an gwada shi an ga amfaninsa. Wani bincike da aka wallafa a 2013 a kan yaran da wata ƙungiyar Kirista ta ɗauki nauyinsu a ƙasashe shida ya gano cewa sun ƙara shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a makaranta fiye da takwarorinsu. Kuɗin da za ku zuba a bulo da kwano da albashin mai gadi zai riƙe gidaje masu yawa na shekaru. Ku nemi mutum biyu amintattu a garin, aƙalla ɗaya mace, ku biya su albashi, su riƙa zagayawa. Ku yanke tun yanzu shekarun da tallafi zai tsaya, ku faɗa wa iyayen, don kada a yanke wa yarinya karatu tana aji biyar na sakandare. Yaran da ba su da kowa sam, su ma akwai su, amma hanyarsu ita ce a nema musu riƙo a cikin iyali ta hannun hukumar jin daɗin jama'a ta Ghana. Sunan ƙungiyarku kuwa, ku buga shi a kan katin tallafin.

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Damagaram. Wasu baƙi sun zo da mota, suka jera ɗalibaina a rana, suka ba kowa kwali mai rubutun Turanci ya riƙe, suka zaɓi masu yagaggun riguna suka sa a gaba, suka ɗauki hoto, suka raba shinkafa tiya bibbiyu suka tafi. Shekara biyu ke nan ba mu sake ganinsu ba, sai wani ɗan garinmu ya ga hoton a Facebook ana neman kuɗi da shi. Me ya kamata mu yi?

Amsa: Malam, abin da aka yi muku cin mutunci ne, ko da niyyar masu yin ta kasance mai kyau. Aya ta 264 cikin Suratul Baƙara ta hana a ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma ban san cutarwar da ta fi a yaɗa hoton ɗan mutum cikin tsumma a duniya ba tare da sanin iyayensa ba. Rubutun da ke kan kwalin nan galibi sunan wanda ya ba da kuɗin ne, wanda ya ce sai ya ga shaida. Don haka masu bayarwa da ke karanta wannan shafi su sani cewa da hannunsu a ciki: duk lokacin da ka nemi a turo maka hoton yaro riƙe da sunanka, akwai yaran da aka tsayar a rana saboda kai. Rasit da rahoto da ziyarar ba-zata sun fi hoto zama shaida, tunda buhu guda ana iya ɗaukarsa hoto a ƙauye goma.

Ku sa ɗan garin naku ya duba sunan ƙungiyar da ƙasar da take, ku rubuta mata da sa hannun mai gari da iyayen yara kuna neman a cire hoton, a kuma faɗa muku nawa aka tara da shi. Idan a Ingila take kuma ta yi kunnen uwar shegu, hukumar da na ambata a amsar farko tana karɓar ƙorafi daga ko'ina. Nan gaba duk wanda ya zo, a fara kai shi wurin mai gari da magajin gari, ya nuna takardar izinin aiki a Nijar, kuma kada a ɗauki hoton yaro sai uwarsa ko ubansa ya amince bayan an gaya masa inda hoton zai je. Wanda ya ƙi a ɗauki ɗansa hoto, a ba shi shinkafarsa.

Tambaya: Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ƙungiya a Manchester da ke ciyar da ɗalibai a Somaliya. Sau uku banki yana riƙe kuɗinmu na makonni, yanzu kuma ya rubuto zai rufe asusun ba tare da bayani ba. Wani ya ce mu riƙa ba matafiya kuɗin a jaka. Ya halatta?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ku kaɗai ba ne. Tun bayan harin Satumban 2001 a Amurka aka tsaurara dokokin hana kuɗi isa ga 'yan ta'adda, hukumar FATF mai tsara ƙa'idojin ta ayyana ƙungiyoyin agaji a matsayin masu rauni na musamman, bankuna kuma suka ga cewa ribar da ke cikin ƙaramin asusu ba ta kai haɗarin tarar da za a iya ci musu ba. A 2013 bankin Barclays ya yi yunƙurin rufe asusun kamfanonin aika kuɗi Somaliya, har ɗaya daga cikinsu, Dahabshiil, ta kai ƙara kotu. A 2014 bankin HSBC ya rufe na ƙungiyar agaji ta Ummah Welfare Trust da ke Bolton, ya kuma raba gari da Islamic Relief duk da girmanta. An ɗan samu sauƙi a takarda, domin FATF ta sassauta lafazinta a 2016, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664 a Disamban 2022 wanda ya keɓe ayyukan jinƙai daga takunkumin daskarar da kadarori, amma sauƙin bai gama isa kan teburin ma'aikacin banki ba.

Jaka kam kada ku kuskura. Charity Commission ta yi gargaɗi a kan haka, doka ta wajabta bayyana duk tsabar kuɗin da ya kai fam 10,000 a bakin iyaka, jami'ai kuma suna da ikon ƙwace ko da abin da bai kai haka ba idan suka yi zargi. Idan kuɗin ya ɓace a hanya, ba ku da takardar da za ku nuna wa waɗanda suka ba ku amana. Ku buɗe asusu na biyu a wani banki tun kafin a rufe na farko, ku haɗa fayil mai ɗauke da rajistar makarantar da sunayen masu karɓa da rasit na kowane aike, ku riƙa sanar da banki kafin ku tura. Ku kuma tuntuɓi Muslim Charities Forum, wadda aka kafa a 2007, domin ta daɗe tana fafutuka a kan wannan matsala. Idan duk ya faskara, ku bi ta hannun babbar ƙungiyar da ke da ofis a Somaliya, ko da za ta cire ladanta.

Tambaya: Mu ɗalibai ne a wata jami'a a Ingila, mun tara kusan fam 3,000 a azumi don yaran yankin Sahel. Wasu sun ce rijiya, wasu sun ce kwandon abinci. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙannena, rahoton da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ce yara miliyan 333 ne ke cikin matsanancin talauci a duniya, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari nasu a Afirka kudu da Sahara suke. Kuɗinku ba zai motsa wannan adadi ba, don haka ku zaɓi wuri guda ƙarami ku yi abin da zai tsaya.

Rijiya tana da farin jini saboda sadaka ce mai gudana kuma ana iya manna mata allo, amma duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu saboda wata 'yar roba da babu mai sayenta. Idan mai haƙa bai gaya muku wanda zai gyara da inda kuɗin gyaran zai fito ba, ku dakata. Kwandon abinci kuwa na kwana goma ne, kuma sau da yawa ba da kuɗin a hannun uwa ya fi, domin ita ta san ko gero gidan ke buƙata ko magani. Masana na Bankin Duniya sun tattara bincike da dama a 2014 suka ga tallafin tsabar kuɗi ba ya ƙara sayen taba ko giya, saɓanin abin da ake yawan zato.

Abin da ke kashe ƙananan yara a Sahel shi ne tamowa idan ta haɗu da zazzaɓin cizon sauro, kuma a nan yankinmu ya koya wa duniya wani abu. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, akasari a Maraɗi, da wani haɗin gyaɗa da madara da ke zuwa a 'yar leda mai nauyin giram 92, wanda uwa ke ba ɗanta a gida ba sai an kwantar da shi ba. Daga baya a Mirriya da ke jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da wani ɗan tef mai launi uku, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a garzaya asibiti, aka kuma ga iyayen suna gano ciwon da wuri ba tare da sun gaza ma'aikatan sa-kai ba. Kada ku sayi wannan haɗin ku raba da kanku, magani ne, yana da awo da ƙa'ida. Gurbin da ƙaramin kuɗi irin naku ke cikewa shi ne abin da manyan ke mantawa: kuɗin motar uwar da ƙauyenta ke da nisan kilomita talatin daga asibiti, da abincin da ita za ta ci yayin jinya, da na yaran da ta bari a gida.

Ku lura kuma da lokaci. Azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, amma yunwar Sahel ba ta matsawa, tana nan daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro kuma ya yi yawa. In dai ba zakkar fid-da-kai ce a cikin kuɗin ba, ku nemi cibiyar kula da masu tamowa guda ɗaya mai rajista, ku yi yarjejeniya da ita a rubuce tun yanzu, ku raba kuɗin gida huɗu, ku fara tura kason farko a farkon watan Yuni.